Farfesa Abdou Moumouni Dioffo: Ɗan Tasawa Da Ya Sa Rana Aiki A Yankin Sahel

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin shaguna a Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari a Kano, ko gidajen ma'aikata a Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, zai ga farantan sola jere suna shan rana. Tsadar man fetur da ƙarin kuɗin wuta su suka kora jama'a zuwa gare su, kuma kusan dukkansu daga ƙasar Sin aka yo odarsu. Kaɗan ne daga cikin masu sayen waɗannan kaya suka san cewa fiye da shekara hamsin da suka wuce, wani masanin kimiyya haifaffen ƙasar Hausa ya ƙarar da rayuwarsa yana neman hanyar da mutanen Sahel za su ƙera na'urorin hasken rana da hannunsu, a cikin ƙasarsu. Wannan mutum shi ne Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda babbar jami'ar Jamhuriyar Nijar da ke Yamai take ɗauke da sunansa a yau.

Haihuwa da karatu

An haifi Abdou Moumouni ranar 26 ga Yuni, 1929, a Tasawa, tsohon garin Hausawa da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Asalin danginsa kuwa Kirtachi ne, wani gari a gaɓar kogin Kwara, kudu da Yamai. A lokacin Nijar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, kuma shekara uku ke nan da Turawa suka ɗauke hedikwatar mulki daga Damagaram suka mayar Yamai. Makarantun boko ba su taka kara sun karya ba a duk faɗin ƙasar, yaron da ya samu shiga kuwa, akasari ana shirya shi ne ya zama magatakarda ko tafinta ko malamin firamare.

Ya fara karatu a Damagaram, ya ci gaba a Yamai. Da hazaƙarsa ta bayyana, sai aka tura shi makarantar William Ponty da ke Sebikotane a ƙasar Senegal, inda Faransa ke tara zaƙaƙuran ɗalibai daga duk yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma. Daga wannan makaranta ce Diori Hamani da Djibo Bakary da Boubou Hama na Nijar suka fito, haka ma Modibo Keita na Mali da Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa. Ga mafi yawan ɗalibanta, Ponty ita ce ƙarshen tafiya, daga nan sai aikin gwamnati. Abdou Moumouni bai tsaya nan ba. Ya wuce babbar sakandaren Van Vollenhoven da ke Dakar, ya samu shaidar shiga jami'a, sannan ya haye teku zuwa birnin Paris a ƙarshen shekarun 1940.

A Paris ya zaɓi kimiyyar fiziks, fannin da 'yan Afirka ba su cika kusantarsa ba a wancan zamani. Ya kammala digirinsa na farko a 1953. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo, wata gasa mai tsanani wadda Faransa ke tace manyan malamanta da ita, inda ake ɗaukar mutane ƙalilan cikin ɗimbin masu nema. Ana lissafa shi a matsayin baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka renon Faransa da ya ci wannan jarrabawa a fannin fiziks. Yana da shekara 27 a lokacin.

Ɗalibi a fagen gwagwarmaya

Karatu bai hana shi shiga harkokin neman 'yanci ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Tarayyar Ɗaliban Afirka Baƙar Fata a Faransa, wadda aka fi sani da FEANF, ƙungiyar da aka kafa a 1950 kuma ta zama makarantar siyasa ga matasan da suka riƙi ƙasashensu daga baya. Haka kuma yana cikin waɗanda suka assasa jam'iyyar PAI a 1957, jam'iyya mai ra'ayin gurguzu wadda ta fito fili ta nemi cikakken 'yancin kai a lokacin da manyan 'yan siyasar yankin ke ganin ya fi kyau a ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa.

Bayan ya ci jarrabawarsa, ya koma Dakar ya koyar a makarantar da ya yi karatu. Ana cikin haka sai ga ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, 1958, wadda Janar de Gaulle ya shirya domin kowace ƙasa ta zaɓi zama cikin tarayya da Faransa ko ɓallewa nan take. Ƙasar Gini ta Ahmed Sékou Touré ce kaɗai ta zaɓi ɓallewa. A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun nemi a ɓalle, amma ba su yi nasara ba. Faransa ta huce haushinta a kan Gini ta hanyar janye malamai da likitoci da ma'aikatanta cikin 'yan watanni, ta bar makarantu babu masu koyarwa.

Wasu 'yan bokon Afirka suka ajiye ayyukansu masu tsoka suka nufi Konakiri domin cike gurbin. Cikinsu akwai masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo ɗan ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, akwai kuma Abdou Moumouni, wanda ya koyar a sakandaren Donka. Mutumin da ke riƙe da takardar agregasiyo yana da tabbacin aiki da albashi da fansho a gwamnatin Faransa har ƙarshen rayuwarsa, saboda haka tafiya Gini a wannan lokaci kasada ce babba. Daga Konakiri ya dawo gida ya koyar a sakandaren Yamai a daidai lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta, 1960. Zamansa a Yamai bai yi tsawo ba. An riga an haramta jam'iyyar Sawaba tun 1959, kuma ƙasar ta koma hannun jam'iyya ɗaya.

Hanyar da ta kai shi ga rana

A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ƙarƙashin Cibiyar Kimiyya ta ƙasar, inda ya duƙufa kan binciken makamashin rana. Sobiyet na da daɗaɗɗun masu bincike a wannan fanni, musamman a jamhuriyoyinta na kudu masu zafi da hamada. Faransa ma tana da nata tarihin: Augustin Mouchot ya nuna injin tururi mai aiki da rana a baje-kolin Paris na 1878, Félix Trombe kuma ya gina tanderun rana a Mont-Louis a 1949. A Masar, Ba'amurke Frank Shuman ya kafa injin ban ruwa mai aiki da zafin rana a Ma'adi kusa da Alƙahira a 1913. Duk waɗannan ayyuka Turawa ne suka yi su, ko da kuwa a ƙasar Afirka aka girka su.

Abin da ya ja hankalin Abdou Moumouni lissafi ne mai sauƙi. Ƙasashen Sahel irin su Nijar da Mali ba su da gaɓar teku, man fetur sai an yi doguwar tafiya da shi a mota daga tashoshin jiragen ruwa kafin ya iso, ya iso da tsada. Jama'a kuwa da itace suke girki da dafa ruwa, kuma dazuzzukan da ke kewaye da birane suna ta ja da baya. Amma kowace murabba'in mita ta ƙasar tana samun makamashin rana da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 a kowace rana, kusan duk tsawon shekara. Arzikin da ya fi yawa a yankin shi ne wanda ba a taɓa ba. A 1964 ya wallafa maƙala a mujallar Présence Africaine a kan makamashin rana a ƙasashen Afirka, tun kafin duniya ta farga da batun.

A wannan shekara ta 1964 ne kuma kamfanin ɗab'i na François Maspero a Paris ya fitar da littafinsa mai suna L'Éducation en Afrique, wato Ilimi a Afirka, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1968. A ciki ya yi nazarin tarbiyyar gargajiya kafin zuwan Turawa, ya nuna yadda take haɗa koyo da aiki da zaman jama'a. Ya bi diddigin makarantar mulkin mallaka, ya bayyana cewa an gina ta ne domin samar da ƙananan ma'aikata masu yi wa Turawa hidima. Ya kawo shawarar a koyar da yara da harsunansu na gado, a yaƙi jahilci a tsakanin manya, a ba kimiyya da sana'a muhimmanci, a kuma ɗaure makaranta da bukatun noma da masana'antu. Wanda ya karanta wannan littafi zai fahimci dalilin da ya sa bai taɓa raba binciken rana da horar da masu ƙira ba. A wurinsa, na'urar da ba a iya ƙerawa ko gyarawa a gida wata sabuwar igiya ce ta dogaro da waje.

Shekarun Bamako

Daga 1964 zuwa 1969 ya zauna a Mali ta Modibo Keita, ƙasar da ta yi wa tsarin iliminta garambawul a 1962. Ya koyar a babbar kwalejin horar da malamai ta Bamako, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar, ɗaya daga cikin na farko-farko a Afirka kudu da Sahara. A nan aka fara gwada na'urorin dumama ruwa, da na tace ruwa, da murhun girki mai aiki da madubi, a ƙarƙashin ainihin rana da ƙurar Sahel.

A cikin waɗannan shekaru ne ya kammala digirin digirgir na ƙasa a Jami'ar Paris a 1967. Bincikensa ya shafi yadda hasken rana ke taruwa a gaban madubi mai lanƙwasa kamar ƙwarya, da yadda zafin ke rarrabuwa a wurin da ya taru. Wannan shi ne tushen ƙera murhun rana da tanderu da injinan da ke bukatar zafi mai tsanani. A watan Nuwamba na 1968 sojoji ƙarƙashin Moussa Traoré suka kifar da gwamnatin Modibo Keita. A shekara mai zuwa Abdou Moumouni ya tattara ya koma gida.

Ofishin makamashin rana na Yamai

Gwamnatin Diori Hamani ta riga ta kafa Ofishin Makamashin Rana, wanda ake kira ONERSOL, tun 1965. A 1969 aka damƙa masa shugabancinsa, ya riƙe shi har 1985, shekara goma sha shida. Ya karɓi aikin a lokacin da babban farin Sahel ke kunno kai, farin da ya kai ƙololuwa a 1973 da 1974 ya hallaka dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka daga Senegal har Chadi, bai kuma bar Arewacin Nijeriya ba. A 1973 farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya. A watan Afrilu na 1974 Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori. Abin da ake ɗauka a da kamar sha'awar wani malami, sai ya zama batun ceton ƙasa.

A ƙarƙashinsa ONERSOL ya haɗa bincike da ƙira. Ana auna hasken rana, ana zana na'urori, ana gwada su, sannan masu walda da maƙeran ofishin su ƙera su a sayar wa gidaje da hukumomi. Kayan da suka fito daga wurin sun haɗa da na'urar dumama ruwa, da na'urar tace ruwa wadda ke samar da tataccen ruwa irin wanda batir da ɗakunan gwaje-gwaje ke bukata, da na'urar shanya amfanin gona, da murhun girki. Ofishin ya kuma yi aiki tare da kamfanin Spilling na ƙasar Jamus wajen ƙera injin da zafin rana ke juyawa, wanda aka sa wa sunan ONERSOL. Manufar injin ita ce jawo ruwa da samar da wuta a wuraren da layin lantarki bai kai ba.

Yadda na'urar dumama ruwa take aiki

A cikin duk waɗannan kaya, na'urar dumama ruwa ce ta fi shiga hannun jama'a, ita ce kuma ta fi bayyana tunanin mai ita. Asalinta tsoho ne. Tun 1767 Horace de Saussure ɗan ƙasar Suwizalan ya gano cewa akwatin da aka rufe da gilashi aka ajiye a rana yana tara zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi. A 1891 Clarence Kemp ya fara sayar da irin wannan na'ura a Amurka, a 1909 kuma William Bailey ya raba wurin dumama ruwan da wurin ajiye shi, domin ruwan ya kwana da zafinsa.

Ƙirar ba ta da wuyar fahimta. Ana haɗa akwati mai faɗi marar zurfi, a shimfiɗa abin da ke hana zafi fita a ƙasansa da gefunansa. A ciki a sa farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, tare da bututai da aka manna a jikinsa. A rufe saman da gilashi. Hasken rana yana ratsa gilashin ya faɗa kan baƙin ƙarfen ya zama zafi, gilashin kuma ya hana zafin tserewa, kamar yadda motar da aka rufe tagoginta a rana take zama tanderu. Ana girka akwatin yana fuskantar kudu, a ɗan jingine shi gwargwadon nisan wurin daga tsakiyar duniya, wato kimanin digiri 15 a garuruwa irin su Yamai da Kano da Sakkwato.

Sirrin aikin yana wurin tanki. Ana ɗora shi sama da akwatin, a naɗe shi da abin riƙe zafi. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka da kansa yake hawa ta bututun sama ya shiga tankin, mai sanyin kuma ya gangaro ta bututun ƙasa ya shiga akwatin. Haka ruwan zai yi ta kewayawa muddin rana na sama, ba famfo, ba lantarki, ba wani abin da ke juyawa balle ya lalace. Idan aka sa tankin ƙasa da akwatin, kewayawar ba za ta yiwu ba, da dare ma ruwan zai iya juyowa ya huce.

Lissafin ribar ma a fili yake. Kafin a ɗaga zafin ruwa lita 200 daga digiri 25 zuwa 60 ana bukatar kimanin kilowat-awa 8, daidai da a kunna hita mai wat 2,000 har awa huɗu. Akwati mai faɗin murabba'in mita uku, a ƙarƙashin rana mai ba da kilowat-awa 6 ga kowace mita, yana karɓar kilowat-awa 18 a yini. Ko da rabi kawai ya shiga ruwan, an samu 9, bukata ta biya. A yankin da ake sayen itace domin wankan hunturu, da wankan jego na kwana arba'in, da wankin asibitoci da ɗakunan haihuwa da makarantun kwana, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga aljihu da kuma daji.

Me ya sa ya fi karkata ga zafi?

Mai karatu na yau zai iya tambayar dalilin da ya sa aikin ONERSOL ya fi karkata ga zafin rana maimakon farantan da ke ba da lantarki. Amsar tana cikin farashi da kuma ƙira. A 1954 ne aka ƙera ƙwayar sola ta silikon ta farko mai amfani a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, kuma kashi 6 cikin 100 kawai na hasken take mayarwa lantarki. Shekaru da yawa taurarin ɗan'adam ne manyan masu amfani da ita. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fara gwada ta a doron ƙasa, domin tun 1968 aka yi amfani da farantin sola wajen kunna talabijin na koyarwa a makaranta. Sai dai har zuwa 1977 farashin wat ɗaya ya haura dala 70. A yau bai kai rabin dala ba.

Bayan tsada, akwai batun wanda zai ƙera. Ƙwayar sola tana bukatar silikon da aka tace matuƙar tacewa a manyan masana'antu masu cin jari mai yawa. Abin da mutum zai iya yi a gida ko a shago bai wuce ya sayi ƙwayoyin ya jera su ya haɗa da dalma ya rufe da gilashi ba, kuma irin wannan haɗin ba ya daɗewa idan danshi ya samu hanyar shiga. Na'urar dumama ruwa kuwa, duk mai walda da mai aikin famfo da ya samu horo zai iya haɗa ta daga farko har ƙarshe, ya kuma gyara ta idan ta samu matsala. Ta fi farantin lantarki cin moriyar rana idan ruwan zafi ake nema, domin tana kama kusan rabin makamashin, alhali farantan yau ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar da 'yan kai ba. Ga mutumin da burinsa shi ne ƙasarsa ta tsaya da ƙafafunta, zaɓin a bayyane yake.

Duwatsun da ke kan hanya

Duk da haka, aikin bai bunƙasa yadda ya yi fata ba. Gilashi da ƙarfe da bututu duk daga waje ake shigo da su, kuma kafin su ratso ƙasashe su iso Yamai kuɗinsu ya ninka. Na'urar tana bukatar a biya kuɗi mai kauri a tashi ɗaya, alhali itace ana sayensa ne kaɗan-kaɗan kullum, saboda haka talaka bai iya kaiwa gare ta ba, sai hukumomi da masu hali. Ƙurar hunturu tana rufe gilashi a daidai lokacin da aka fi bukatar ruwan zafi, sai an riƙa gogewa. Murhun madubi kuwa ya ci karo da al'adar girki: dole a tsaya a tsakiyar rana, a riƙa juya shi yana bin ta, ga shi kuma tuwon dare bayan faɗuwar rana ake tuƙa shi. Injinan da zafin rana ke juyawa suna da sassa da yawa masu bukatar kulawa, kuma da farashin farantan lantarki ya fara sauka, sai suka sha gabansu wajen jawo ruwa.

Tattalin arziki ma ya juya baya. Kuɗin yuraniyom da ake haƙowa a Arlit tun 1971 su ne suka ɗauki nauyin manyan ayyukan gwamnati a shekarun 1970. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai aka shiga tsuke bakin aljihu, kuma bincike na cikin abubuwan da aka fara yanke wa kaso. Tun 1976 aka ja layin lantarki daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wutar madatsar Kainji ta riƙa isa babban birnin da rahusa. A 1986 farashin ɗanyen mai ya rushe, ƙasashen da ke ba da tallafi suka rage sha'awar makamashin rana. Abdou Moumouni ya bar shugabancin ONERSOL a 1985, shekara guda kafin wannan rushewa.

Malami har ƙarshe

Bai taɓa barin aji ba. Jami'ar Yamai, wadda ta fara a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971 ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, ta same shi cikin malamanta na fiziks, kuma a 1979 aka naɗa shi shugabanta, ya haɗa wannan nauyi da na ONERSOL na 'yan shekaru. Ƙungiyoyin duniya, ciki har da UNESCO, sun nemi shawararsa a kan makamashin rana. Da yawa daga cikin masana kimiyyar Nijar da suka biyo baya ta hannunsa suka bi.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991, yana da shekara 61, watanni kaɗan kafin a buɗe Babban Taron Ƙasa wanda ya mayar da Nijar kan tafarkin jam'iyyu da yawa. A 1992 aka sauya wa Jami'ar Yamai suna zuwa Jami'ar Abdou Moumouni. Ofishin da ya shugabanta ya koma Cibiyar Makamashin Rana ta Ƙasa a 1998.

Abin da ya bari

Zamani ya gaskata hasashensa a kan rana, ya kuma gaskata fargabarsa a kan dogaro da waje. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar bisa takunkumin ƙungiyar ECOWAS, Yamai ta shiga duhu na tsawon watanni. Cikin abubuwan da suka rage raɗaɗin akwai tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a ƙarshen wannan shekara. A Nijeriya ma, cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da ƙarin kuɗin wuta na watan Afrilu na 2024 sun sa 'yan kasuwa da ma'aikata rungumar sola fiye da kowane lokaci a baya.

Sai dai rabin burinsa ne kawai ya cika. Ana amfani da rana, amma farantai da batura da inbata duk da dala ake sayo su, kuma duk ranar da naira ta faɗi farashinsu tashi yake. Na'urar dumama ruwa, wadda masu walda na Kano ko Zariya ko Maraɗi za su iya ƙerawa, har yanzu baƙuwa ce a yawancin gidaje da asibitoci da otal-otal. Akwai ma gidajen da ke sayen ƙarin farantai da batura masu tsada domin kawai su kunna hitar lantarki, aikin da akwatin gilashi da tanki za su yi da kuɗi kaɗan. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta shafe shekaru tana ƙera irin waɗannan na'urori na dumama ruwa da girki da shanya, amma tazarar da ke tsakanin ɗakin bincike da kasuwa, wadda Abdou Moumouni ya yi fama da ita a Yamai, ba ta rufu ba tukuna. Rufe ta na bukatar masu jari da za su ƙera da yawa domin farashi ya sauka, da hukumomin da za su fara da asibitocinsu da makarantunsu, da kwalejojin fasaha da za su horar da matasa a kan ƙira da girkawa.

Allah ya jiƙan Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ya sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana a gare shi.